Kalangu a Dandali: Sharhi a kan Wani Daren Rawa da Abin da Ya Rage na Maganar Ganga

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka na Hausa sun daɗe da sabawa da wata hanya ta aiki, wato a je wurin mawaƙi da rikoda a naɗo waƙa, a dawo a juye ta a takarda, sa'an nan a zauna a fitar da jigo da salo da zubi da tsari. Hanyar ta yi amfani ƙwarai, kuma duk wanda ya karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) na Sa'idu Muhammad Gusau ya san an ci ribarta. Sai dai ko da yake shi Gusau ya ba kiɗa da amshi matsayinsu, akasarin kundayen da ɗalibanmu suke rubutawa a kan baitoci kawai suke tsayawa, abin da ganga ta faɗa da abin da ƙafa ta amsa kuwa a bar su a fili, kamar ba harshe ba ne. Wannan maƙala sharhi ce a kan dare guda na rawar kalangu da na halarta a dandalin wani ƙauye na ƙasar Zazzau, a cikin watan Disamba, bayan an kai dawa rumbu. Manufata ita ce in auna wasan a matsayinsa na aikin fasaha, in faɗi inda ya yi armashi da inda ya gaza, in kuma nuna cewa gazawar tasa ta shafi masu nazarin harshe fiye da yadda muke zato.

2.0 Dandalin da Daren

Daren jajiberin kasuwa ne. Tun bayan sallar isha'i aka yayyafa wa filin ruwa saboda ƙura, aka rataya ƙwan lantarki uku a jikin sanduna, janareta yana gurnani daga bayan wata bishiyar ɗorawa. Masu tsire da mai shayi sun kama gefen hanya, 'yan mata masu tallar gyaɗa da rake suna ta shawagi. Da'ira ba ta haɗu sosai ba sai wajen ƙarfe 10, kuma tsarinta bai bambanta ba da wanda Baba ta kwatanta wa Mary Smith a littafin Baba of Karo (1954) game da ƙuruciyarta: 'yan mata a gefe guda, samari a ɗaya gefen, yara a gaba a zaune, sarkin samari yana zagayawa da tsumagiya yana mayar da duk wanda ya matso. Matan aure da tsofaffi suna can nesa kaɗan a bakin danga, inda haske bai kai ba. A kusa da su na samu wuri, kuma daga baya na gane cewa a nan ne ainihin masu sauraro suke.

Makaɗan mutum huɗu ne. Shugabansu dattijo ne da ya ba shekara 60 baya, shi ke riƙe da babban kalangu. Akwai mai ƙaramin kalangu, da yaro mai kuntuku, sai sanƙira wanda ba ya kiɗa, aikinsa baki. Waɗannan kayan kiɗa da masu su duk suna cikin abin da David Ames da Anthony King suka tattara a Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts (1971), bayan binciken da suka yi a Zariya da Katsina, kuma sanannen abu ne cewa kalangu kiɗan mahauta ne a asali, wanda kuma 'yan mata suka mayar nasu a dandali.

Kashin farko na wasan rawar taro ce. 'Yan mata suka shigo a jere, suna tafiya da gefe, kafaɗa a sake, idanu a ƙasa. Ba ni da abin cewa mai yawa a kansa, ban da cewa ya yi tsabta, jeren bai tsinke ba, kuma ba a daɗe ba aka wuce shi. A nan ya kamata a ɗan lura da yalwar kalmomin da Bahaushe yake da su na wannan fage, waɗanda har yau ba a zauna an tantance iyakokin ma'anarsu ba. Wanda ya taka rawa daban yake da wanda ya tiƙa ta, wanda ya cashe kuma ya wuce su duka a zafi. Rausaya da rangaji da karairaya da yauƙi kowanne da sashen jikin da yake nufi da irin hukuncin da mai magana yake yanke wa mai yin sa. Ita kanta kalmar rawa ta fi faɗin abin da ake yi a dandali, tun da akwai rawar sanyi da rawar murya da rawar kai, har da rawar soja. Wata tsohuwa a kusa da ni ta dubi wata yarinya ta ce, "Wannan ba rawa take yi ba, rawar jiki take yi." Na rubuta maganar, don kuwa sharhi ne cikakke a cikin jumla ɗaya.

3.0 Abin da Kalangu Yake Faɗa

Kashi na biyu shi ne zuciyar wasan, wato kiran mutane ɗai-ɗai da takensu. Kafin a shiga bayaninsa dole a tuna yadda gangar take. Kangon kalangu siririn ƙugu gare shi, bakinsa biyu an rufe su da fata, tsarkiya kuma ta haɗa fatun biyu daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya sa shi a hammata, ya buga da lanƙwasasshen makaɗi. In ya matse tsarkiya fata ta ɗaure, sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Ke nan ganga ce da za ta iya bin hawa da saukar murya. Hausa kuwa, kamar yadda kowane mai karanta wannan mujalla ya sani, harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, akwai karin ƙasa, akwai kuma faɗau wanda ba ya zuwa sai a kan gaɓa mai nauyi. Da kari ne ake raba kuka na hawaye (sama, sama) da kuka bishiya (sama, ƙasa), da shi ake raba kai wakilin suna da kai na jiki. Tsawon wasali kuma shi ya raba gari na zama da gari na tuwo, alhali karinsu ɗaya. Duk waɗannan abubuwa biyu, kari da nauyin gaɓa, kalangu yana iya fitar da su. Faɗau ma yana fita, idan makaɗi ya buga a matse sa'an nan ya saki hammata kafin amon ya mutu. Har ma saukar nan ta sannu a hankali da muryar Bahaushe take yi daga farkon jumla zuwa ƙarshenta, inda kowane karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan gaza na gabansa tsawo, dattijon nan yana kwaikwayonta, kuma a tawa fahimtar ita ce take sa kunne ya ji kamar mutum ne yake magana.

Abin da ganga ba ta iyawa shi ne baƙi da wasali. Wannan gaɓa ce da ake yawan tsallakewa idan ana yabon "ganga mai magana". A ɗauki sunayen Kande da Hawwa: kowanne gaɓa biyu, ta farko mai nauyi da karin ƙasa, ta biyu marar nauyi da karin sama. A bakin kalangu suna ɗaya ne. Haka Binta da Ladi, mai nauyi a sama, marar nauyi a ƙasa. To, in haka ne, ta yaya yarinya za ta san ita ake kira? John Carrington ya amsa irin wannan tambaya tun 1949 a littafinsa Talking Drums of Africa game da mutanen ƙasar Kwango, inda ya nuna cewa makaɗi yakan tsawaita magana da sassan da aka saba ji har shubuha ta kau. Haka abin yake a take. Ba a kiran suna tsurarsa. Ana haɗa shi da kirari, da ambaton uba ko sana'ar gida ko unguwa, har tsarin hawa da saukar ya zama na mutum ɗaya tak a garin. Saboda haka mai jin ganga ba fassara yake yi daga babu ba. Matani ne yake da shi a ka tun yana yaro, ganga tana tuna masa da shi. Masu nazarin dundun na Yarbawa, musamman Akin Euba a littafinsa na 1990, sun yi nisa a wannan fage, ga kuma harshen nasu da kari uku. Mu da muke da biyu da faɗau, wato shubuhar tamu ta fi yawa, ya kamata a ce mun riga su damuwa da batun.

Dattijon ya nuna gwanintarsa a wurare biyu. Na farko shi ne lokacin da ya juya baya ga 'yan matan, ya fuskanci duhun bakin danga ya buga wani take mai tsawo. Sanƙira bai ce uffan ba. Sai ga wata mata da ta haura shekara 40 ta fito tana gyara ɗaurin zane, mata suna guɗa. Rawar da ta yi ba ta kai minti uku ba, amma ita ce rawar daren. Ƙafarta ba kuntuku take bi ba, babban kalangu take bi: inda gaɓa ta yi nauyi sai ta jinkirta taku, inda jumla ta ƙare sai ta tsaya cak ta karya wuya, kamar mai cewa "na ji, ci gaba". Shi kuma makaɗin yana duban ƙafarta yana sauya abin da zai faɗa. Zance ne tsakanin mutum biyu, ɗaya da fata ɗaya da jiki, kuma a lokacin ne na fahimci karin maganar nan da ke cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya ba ta faɗi komai duka ba, domin a nan rawa ce take sauya kiɗa.

Na biyu zambo ne. Wani saurayi mai sabuwar shadda ya sa an kira budurwarsa, ta yi rawa ta gama, bai saki ko sisi ba. Dattijon ya matsa kusa da shi ya buga wata gajeruwar jumla sau uku, yana murmushi. Bakin danga ya kece da dariya. Na tambayi tsohuwar da ke kusa da ni, "Iya, me ya ce?" Ta ce, "Malam, ai ba ya faɗuwa da baki." Da kyar ta gaya mini cewa maganar ta shafi rowar kakan yaron, wadda garin bai manta ba. M. G. Smith ya bayyana a maƙalarsa ta 1957 a mujallar Africa yadda maroƙi yakan juya yabo ya koma habaici idan wanda ake wa ya ƙi bayarwa. Abin da zan ƙara shi ne, ganga tana ba makaɗi mafakar da baki ba zai ba shi ba. An faɗi magana a gaban jama'a, kowa ya ji, amma ba wanda ya furta ta, ba kuma wanda za a kai ƙara gaban mai unguwa. A al'ummar da kunya take da nauyin da take da shi, wannan ba ƙaramin makami ba ne, kuma yana aiki ne kawai muddin akwai masu ji. Saurayin bai ji ba. Dariyar tsofaffi ce ta sanar da shi cewa an taɓa shi, sa'an nan ya sa hannu a aljihu.

4.0 Sanƙira da Lasifika

A nan ne sukar da nake wa wasan take. In ban da waɗannan wurare biyu, kusan duk sauran kiran da aka yi sanƙira ne ya yi su, da makirufo a hannu da lasifika biyu a kan benci. A tsarin da aka gada, ganga ce take fara magana, sanƙira ya biyo baya ya ƙawata, ya kambama, ya sanar da kyauta. A wannan dare tsarin ya juye: sanƙira yakan faɗi sunan yarinya da na ubanta da ƙarfi, kalangu ya biyo shi yana maimaitawa, kamar ɗan amshi. Sau biyu na ga dattijon ya gwada fara take shi kaɗai, ya buga ya sake bugawa, 'yan mata suna duban juna, har sanƙira ya gaji ya faɗi sunan, sa'an nan mai taken ta fito tana dariya. Ba za a ɗora wa sanƙira laifin duka ba, tun da gyara yake yi a inda ya ga wasa zai mutu. Amma kuma gyaran nasa shi yake ƙara kashe abin, domin wanda aka saba faɗa masa da baki ba shi da dalilin koyon ji da kunne. Ga shi kuma lasifika ta danne amon fata, ta yadda ƙananan hawa da saukar da suke ɗauke da ma'ana ba sa kai wa bayan sahu na biyu.

Liƙi ma ya ɓata wani sashe. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga birni ya riƙe fili fiye da minti 20 yana manna kuɗi a goshin makaɗa, su kuma suna nanata kirari ɗaya ba ƙari ba ragi. Kyauta ga makaɗi tsohon abu ne, da ita wasan yake rayuwa. Illar ita ce idan ta zama ita ce wasan. (A gefe guda, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙa takardar Naira a wurin biki, amma ban ga alamar labarin ya iso dandalin nan ba.) Bayan ƙarfe 12 kuma aka jingine kalangu, aka kunna waƙoƙin fiyano irin na finafinan Hausa, fili ya cika maƙil fiye da kowane lokaci a daren. Ba na cikin masu ganin wannan kiɗa a matsayin annoba, yana da nasa masu fasaha da nasa nazarin. Abin lura dai shi ne ba ya kiran kowa da takensa.

Dalilan da suka kawo haka ba ɓoyayyu ba ne. Yaro yakan koyi jin ganga ne da yawan zama a dandali, dandali kuwa ya yi ƙaranci. Tun daga shekarar 2000, da jihohin Arewa da dama suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kiɗan dare mai haɗa maza da mata ya gamu da takura a wurare masu yawa. Rashin tsaro ya hana ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Kaduna fitowa da dare. Samari sun tafi ci-rani, wayar hannu kuma ta kawo hira cikin ɗaki. Ba wurin yanke hukunci a kan ko ɗaya daga cikinsu ba ne nan. Sakamakonsu ga harshe shi ne abin da ya dame ni: akwai tarin matani na take da kirari da zambo da ba su taɓa zama a rubuce ba, wasunsu ma ba a cika furta su da baki ba, kuma ƙamus ba zai nuna ɓacewarsu ba domin kowace kalma da ke cikinsu tana nan da ranta.

5.0 Daga Dandali zuwa Dandamali

Wani zai ce ai hukumomin raya al'adu sun adana rawar gargajiya. Gaskiya ne, sun adana wani abu. Tun daga bukukuwan fasaha na ƙasa na shekarun 1970, da FESTAC da aka yi a Legas a 1977, jihohi suka kafa ƙungiyoyin rawa na dindindin, kuma rawar Koroso ta Kano, wadda ta samo sunanta daga kacau-kacau ɗin da masu rawa suke ɗaurawa a ƙafa, ta zama abin alfahari a gida da waje. Duk wanda ya ga yadda 'yan Koroso suke sarrafa jiki bibbiyu a kan amon sarewa ba zai raina aikin ba. Sai dai rawar dandamali an tsara ta ne domin baƙo, wanda yake zaune a kujera yana kallo, ba shi da take, makaɗi bai san kakansa ba. Abin da dandamali yake iya ɗauka shi ne taku da sutura da kayan kiɗa. Zancen da ya gudana tsakanin dattijon nan da matar bakin danga ba ya hawa dandamali, domin sharaɗinsa shi ne kowa ya san kowa.

Saboda haka aikin ya dawo kanmu. Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da karin waƙa a wata waƙar Hausa tun 1972, amma irin wannan awo a kan kalangu, wanda ya fi sauƙin yi yanzu da kwamfuta take iya zana hawa da saukar sauti, bai samu masu yi da yawa ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a riƙa naɗar kowane take sau uku: a naɗi ganga ita kaɗai ba lasifika, a sa makaɗi ya faɗi matanin da bakinsa a sa masa alamun kari da tsawon wasali, sa'an nan a kunna wa mutanen garin masu shekaru daban-daban a ga wa ya gane wa bai gane ba. Na ukun nan shi zai nuna mana a wane zamani igiyar ta tsinke. A haɗa kuma da hoton bidiyo na ƙafar mai rawa, don a tabbatar ko a rushe abin da na ce na gani game da nauyin gaɓa da jinkirin taku.

Da aka tashi, wajen ƙarfe 1, na iske dattijon a wurin mai shayi yana sassauta tsarkiya. Na gaishe shi na ce, "Sarkin Kiɗa, yaron nan mai kuntuku naka ne?" Ya ce jikansa ne, kuma hannunsa ya fi nasa sauri tun yanzu. Na tambaye shi ko yaron ya san taken matar da ta yi rawa. Ya kira shi ya miƙa masa babban kalangu. Yaron ya buga taken daidai, bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Kakan ya ce masa, "To, faɗa wa Malam abin da ka ce." Yaron ya dube shi, ya dube ni, ya ce shi dai haka ya ji ana bugawa.